An sa hannu a yarjejeniya da jami'ar Ingila, to ɗalibi ta ina zai shiga?

Mai Gero:
Assalamu alaikum. Ina digiri na uku a fannin noma, aikina a kan irin gero mai jure fari. Gwajin ƙwayoyin halittar da ya rage mini babu na'urarsa a ɗakin gwajinmu. Sashenmu yana da yarjejeniya da wata jami'a a Ingila, har hotuna aka ɗauka ranar sa hannu, amma ban ga ɗalibin da ya tafi ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ta ina kuka fara?

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Malam, takardar nan ba ta ɗaga kowa. Abin da ya kai ni Jamus a tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, shi ne malami guda a can da ya yarda ya karɓe ni. Ka nemi irin wannan malami, ka karanta maƙalunsa, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa: ga irin da ke hannuna, ga gwajin da nake so, ga abin da zai ƙara wa aikinka. Masu tura wasiƙa iri ɗaya ga farfesoshi hamsin, shiru suke ji.

Malamar Tsirrai:
Ban yarda a raina takardar ba. Tallafin Commonwealth Split-site yana ba ɗalibin digiri na uku wata 12 a Birtaniya, a jere ko kashi biyu na wata shida-shida, kuma a jami'arka ta gida za ka kammala. Suna neman shaidar alaƙa tsakanin jami'o'in biyu, da wasiƙar mai duba aikinka na nan da na can. To ka ga amfaninta. Je ka ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku ka nemi kwafi, ka duba ko wa'adinta bai ƙare ba.

Abin da ya fi damuna dabam ne, ƙanena. Kada ƙwayar gero ɗaya ta bar hannunka sai an rubuta wanda ke da bayanan da wanda sunansa zai zo farko a maƙala. Na tara samfuri a ƙauyuka cikin damina, aka buga aikin, sunana ya ƙare a sashen godiya. Ga kuma yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan fitar da albarkatun halitta, ga takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma masu shiga da fita Najeriya. Waɗannan suna cin lokaci, ka fara da wuri.

Ɗan Maraɗi:
Ni tambaya zan yi: lalle sai Turai? ICRISAT, ƙungiyar bincike ta duniya kan amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwan sama, tana da cibiya a Sadoré kusa da Yamai, gero kuwa aikinsu ne, kuma suna da ofishi a Kano. Ka fara tambayarsu ko za su iya gwajin.

Mai Gero:
Na gode ƙwarai. Malama, wannan rubutun a kan suna a maƙala, ni zan tayar da maganar ko mai duba aikina? Ina tsoron kada baturen ya ga kamar na zarge shi tun ba a fara ba.