Roba, tangaran ko ƙarfe: me aka sa muku a kwatangwalo?

Mai Dogara Sanda: Salamu alaikum. Sikila ta cinye mini kan ƙashin cinyar dama, likita ya ce sai an canza gaɓar gaba ɗaya. Zaɓi biyu ya ba ni: ƙwallon tangaran cikin kofin roba, ko tangaran kan tangaran. Shekarata 34. Waɗanda aka yi wa wannan aiki, don Allah me kuka gani?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ba da lafiya. Nawa ƙarfe ne kan roba, irin tsarin da likita John Charnley ya fara a Ingila a 1962. Na daɗe ina tafiyata lafiya lau, ko ciwo babu. Ashe robar tana zaizayewa a hankali, jiki kuma yana yaƙar ɓurɓushin, garin haka ƙashin da ke riƙe da kofin yana narkewa. A hoto aka gani, wani duhu a gefen kofin, ni ban ji komai ba. Sai da aka sake buɗe ni, kuma aiki na biyu ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba. Amma tawa tsohuwar roba ce. Wadda aka ƙara wa ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1990 ba ta cinyewa haka. Ka tambaya wacce za a sa maka.

Uwar Biyu: Ni ma sikila ce, ƙanena, kuma tangaran kan tangaran aka sa mini saboda ƙuruciya, don shi ya fi jure zaizayewa. Ciwo ya tafi, alhamdulillahi. Abin da ba a gaya mini ba shi ne ƙara. In na sunkuya ɗaukar abu, wani lokaci sai ka ji ƙiii kamar ƙyauren da bai sha mai ba. Ranar farko gabana ya faɗi, na zaci fashewa ya yi. Likita ya duba ya ce lafiya yake, fashewar tangaran na zamani ba kasafai ba ce. Ba ya zafi, amma cikin mutane akwai kunya.

Baban Yara: Ƙarfe kan ƙarfe dai kada ka yarda. Shi aka sa mini lokacin da ake yayinsa. Gogayya tana sakin ɓurɓushin ƙarafan kobalt da kuromiyam cikin jini, makwancin cinyata ya kumbura, naman wurin ya lalace. A 2010 ma an janye wani nau'insa daga kasuwa. An cire mini nawa, an sa tangaran kan sabuwar roba, shiru kake ji.

Mai Dogara Sanda: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Uwar Biyu, ƙarar tun farko ta fara ko sai daga baya? Kuma da yau za ki zaɓa, shi za ki sake ɗauka?