Preston Sturges: yaya marubuci ya zama darakta, kuma me ya kayar da shi?

Mai_Nazari: Salamu alaikum 'yan'uwa. A Hollywood ta da, marubuci ma'aikacin kamfani ne kawai, ana biyansa duk mako. To ta yaya Preston Sturges ya samu ikon ba da umarni a kan labarinsa? Kuma me ya sa tauraruwarsa ta dushe da wuri haka?

Malam_Sinima: Wa alaikumus salam. Da farashi ya saye kujerar. Tun 1933 ya nuna ba zai bi layi ba: shi kaɗai ya rubuta labarin fim ɗin The Power and the Glory, ya sayar wa furodusa Jesse Lasky a kan dala 17,500 da kaso daga riba, a lokacin da ake haɗa marubuta uku ko huɗu a kan labari guda. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda daraktoci ke yanke masa zance, musamman Mitchell Leisen a fim ɗin Remember the Night. Sai ya ba kamfanin fim na Paramount labarin The Great McGinty a kan dala 10, da sharaɗin shi zai ba da umarni. Fim ɗin ya fito a 1940, ya ci Oscar ta farko da aka ware wa labarin da aka rubuta musamman don fim.

Yadda yake aiki ma daban ne. Yana zagaye ɗaki yana faɗa, yana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariya na rubutawa. Shi ya sa zancensa ke zama a baki.

Uwar_Gida: Malam, a ƙara da batun tace fina-finai, nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Daga 1934 sai ofishin Joseph Breen, mai tace fina-finan Hollywood, ya amince da rubutu kafin a ɗauki fim. A The Miracle of Morgan's Creek, yarinya ta dawo daga bikin sallamar sojoji da ciki. Dabarar Sturges ita ce ya sa an ɗaura mata aure a daren, da sunan ƙarya, ba ta ma tuna mijin ba. A takarda ba a karya doka ba. An ɗauki fim ɗin a 1942, bai fito ba sai 1944.

Malam_Sinima: Haka ne Hajiya. Faɗuwar kuwa daga barin Paramount ta fara, bayan saɓani da Buddy DeSylva, shugaban shirya fina-finai na kamfanin, kan sake yanka fim ɗinsa The Great Moment. A Paramount yana da 'yan wasa irin su William Demarest da ma'aikatan da suka san hannunsa. Ya haɗa kamfani da attajiri Howard Hughes, suka ɓata. Hughes ya janye fim ɗin da Sturges ya yi da ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd, wanda ya fito a 1947, ya sake yanka shi, ya fitar a 1950 da wani suna. Fina-finai biyu da Sturges ya yi wa kamfanin Fox a 1948 da 1949 ba su yi kasuwa ba. Ga gidan abincinsa, The Players, a titin Sunset, yana ta cinye kuɗi, ga bashin haraji. Ya koma Faransa, ya yi fim ɗaya a 1955. Ya rasu a otal ɗin Algonquin na New York a 1959, yana tsakiyar rubuta tarihin rayuwarsa.