Masu kwanan daji da hawan dutse, me kuke riƙewa don kare kai?

Mai_Jakar_Goyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, kuma dan Allah ba ra'ayi nake nema ba, ra'ayi kowa na da shi, abin da ya faru da mutum shi da kansa nake so in ji. Ku da kuke yawon ƙafa a daji ko hawan dutse har ku kafa tanti ku kwana, kuna tafiya da makami? Wuƙa, adda, feshin barkono, bindiga, ko sanda kawai? Kuma ranar amfani da shi ta taɓa zuwa? Ni ban daɗe da fara harkar ba, da cikin ayari muke fita, yanzu ina so mu riƙa fita ni da uwargida mu biyu, ita ta ce ba za ta kwana inda ba ƙofa ba sakata ba sai da wani abu a hannu, ni kuma ina tsoron in ɗauko abin da zai zame mana fitina.

Tsohon_Mahayi:
Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe a harkar nan kuma abin da ke jikina bai canza ba, wuƙa ƙarama, usur a wuya, tocila mai haske sosai, sai sanda a hannu. Wuƙar kayan aiki ce, yankan igiya da feƙe turken tanti, ban taɓa lissafa ta cikin abin faɗa ba, don wanda bai iya faɗa da wuƙa ba in ya zaro ta to abokin gabansa ya kawo wa. Sandar ce ta taɓa yi min rana. Wata safiya na gangaro daga kan tudu ashe akwai garken tumaki a kwarin, karnukan da ke gadinsu suka yo kaina, manya, haushi har cikin ƙirjina nake jin sa. Ban gudu ba don gudu shi ke sa kare ya bi ka, ban kuma ɗaga sandar zan yi duka ba, na dai miƙa ta ƙasa tsakanina da su, ina magana a hankali ina ja da baya a karkace har makiyayin ya jiyo ya kira su. Da bindiga ce a hannuna na harbe wa bawan Allah kare, to rigimar da za ta biyo baya ta fi cizon.

Yar_Tanti:
Baba na ji ka, amma ka yi haƙuri, kai namiji ne, abin da kake tsoro a daji daban nawa daban. Ni dabba ba ta taɓa hana ni barci ba, mutum ne. Akwai ranar da wani ya same ni a wajen ajiye motoci yana ta tambaya, ke kaɗai ce, ina za ki kwana, yaushe za ki dawo, da fara'arsa da komai, na ce masa 'yan uwana na gaba suna jira na. Na yi nisa na waiga sai ga shi a baya, in na tsaya ya tsaya in na tafi ya taho. Wlh a lokacin da an ba ni bindiga zan karɓa. Abin da na yi shi ne na ciro gwangwanin feshin barkono na riƙe a fili yadda zai gani, na daina shiga ciki, na juya na bi hanyar da na jiyo muryoyin mutane, na samu wasu iyali na ce dan Allah zan bi ku, ban yi musu dogon bayani ba matar ta gane. Yana ganin na shiga cikinsu ya ɓace.

Tun daga nan ban kafa tanti kusa da titi ko inda mota ke iya zuwa, don mai mugun nufi ba ya son wahalar tafiyar awanni da kaya a baya, a bakin hanya yake jira. Kuma ban sa hoton inda nake a intanet sai na dawo gida. Ka gaya wa uwargida tsoronta ba shirme ba ne. Sai dai ku duba doka tukunna, a Birtaniya feshin barkono haramtaccen makami ne, dokar bindigogi ta 1968 ce ma ta hau kansa, wuƙa kuma wadda ake yarda ka yi yawo da ita ba tare da dalili ba ita ce mai naɗewa wadda ba ta kullewa kuma tsawon bakinta bai wuce inci 3 ba.

Mai_Lasisi:
Toh ni ina cikin masu ɗauka, kuma ba na ɓoyewa. A Amurka nake yawona, ina da lasisi, na yi horo kuma ina komawa filin harbi a kai a kai. Tun Fabrairun 2010 doka ta yarda mutum ya shiga gandun dajin ƙasa da bindiga in dai dokar jihar da gandun yake ta ba shi dama, amma ba ka shiga da ita cikin ginin gwamnati kamar ofishin karɓar baƙi, kuma izinin ɗauka daban izinin harbi daban, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Abin da nake so ka ji ɗan uwa shi ne daren da na fi kusa da amfani da ita. Tsakar dare na ji taku, ba na dabba ba, takun mutum ne yana zagaya tantin yana taka busassun ganye, yarona na barci a gefe. Hannuna na kan bindigar amma malamin da ya koya min ya sha nanata mana cewa ba ka nuna ta ga abin da idonka bai tantance ba, sai na kunna tocila na daka tsawa wane ne. Wani saurayi ne ya ɓata tun magariba, wayarsa ta mutu, jikinsa na rawa don sanyi, ya hango tanti yana tsoron ya tashe mu. Na ba shi bargo da ruwan zafi, da safe muka raka shi hanya. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, don da wani ne mai bindiga ba horo, tsoro ya kama shi a cikin duhu, da yanzu wata uwa na kuka shi kuma yana gidan yari. Ban daina ɗauka ba, akwai wuraren da taimako zai yi awanni bai iso ba. Amma in ba ka da lokacin koyo da maimaitawa, in ba ka da yadda za ka adana ta yaro bai taɓa ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ga nauyi kuma, ƙaramar ma da harsashinta ta kusa kilo guda, yawanci da tafiya ta yi tafiya sai ka ga mutum ya cusa ta can ƙasan jaka, to ta ƙasan jaka wa za ta kare?

Dan_Kan_Tudu:
Maganar ƙasan jaka nan ita ce maganar. Ni beyar na taɓa haɗuwa da ita a gandun dajin Yellowstone na Amurka, mun sha kwana kenan sai ga ta a gefen rafi da ɗanta. Dokar wurin ta ce ka bar yadi 100 tsakaninka da beyar, wajen mita 91, mu kam ko rabin haka babu. Ta ɗago kai ta yi wani huci ta taho da gudu, dabbar nan tana iya yin kilomita 55 a awa, ba maganar buɗe zif ko neman abu, abin da ke ƙugunka shi ke gare ka. Feshin barkonon korar beyar a ɗamarata yake, na zare makarin na fesa ƙasa-ƙasa gabanta, ta shiga cikin hayaƙin ta yi birki ta juya ta kwashi ɗanta suka shige bishiyoyi. Iska ta ɗan dawo min da shi, idona da maƙogwarona sun yi wuta na ɗan lokaci, amma da ƙafata na koma mota ita ma da ranta ta tafi.

Gwangwanin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ya ƙare, nisansa wajen mita 9 ne, kuma yana da ranar lalacewa a jiki, ku riƙa dubawa. Kar a fesa a jikin tanti ko kaya wai don rigakafi, in ya kwanta warinsa jawo beyar yake. Ba a shiga jirgin sama da shi ko a jakar da aka auna, can za ka saya. Kuma ba ko'ina ba, a gandun dajin Yosemite na Amurka an hana shi sam. Akwai binciken da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka fitar a 2008 kan Alaska, feshin ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na mutanen ko ƙwarzane ba su samu ba.

Mai_Lasisi:
Haka ne Malam, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Su dai mutanen sun sake fitar da wani a 2012 kan bindiga, ƙaramar bindiga ta yi aiki a kashi 84, doguwa kashi 76. Ba a ce ba ta aiki ba.

Dan_Kan_Tudu:
Ban ce ba ta aiki ba yallaɓai. Na ce dai hayaƙi baje yake ba ya buƙatar saiti, harsashi kuwa sai ka samu wurin da ya dace a jikin abin da ke tahowa da gudu hannunka na karkarwa, kuma dabbar da aka ji wa rauni ba a kashe ba ta fi haɗari. Kai ka yi horo, mai tambayar bai yi ba.

Hajiyar_Duwatsu:
Ku bar ni in shigo da nawa. Na hau dutsen Meru a Tanzaniya, can ba a barin ka ka fara hawa sai da jami'in gandun daji mai bindiga, saboda ƙasan dutsen cike yake da ɓauna da sauran namun daji. Mun ci karo da garken ɓauna kuwa, kusa sosai, wani babba ya tsaya ya kafe mu da ido. Ni duk hankalina na kan bindigar mutumin ina jiran ya sauke ta daga kafaɗa, shi kuwa ko taɓa ta bai yi ba, ya ɗaga hannu muka tsaya, ya duba ta ina iska ke kaɗawa, ya sa muka haɗu wuri ɗaya muka yi shiru, da suka ƙi matsawa ya zagaya da mu ta wata hanya. Tun kafin mu gan su ma shi ya san suna nan, daga kashinsu da sawu. Abin da na ga ya tsare mu ranar sanin dajin da ke kansa ne, bindigar ta ranar da komai ya ƙwace ce. Haka ake yi a duwatsun Simien na Habasha, da ɗan rakiya mai bindiga ake shiga. A Svalbard ta ƙasar Norway kuma doka ce in za ka fita wajen gari sai da abin korar farar beyar ta ƙanƙara. A Kanada akasin haka, gandun dajin ƙasa irin su Banff ba a yawo da bindiga, feshin beyar ake riƙewa. Shi ya sa ɗana tambayarka ba ta da amsa ɗaya, ka fara faɗin ina za ku, sannan ka tambayi masu kula da wurin, sun fi mu sanin abin da ke cikinsa.

Nas_Mai_Yawo:
Ni ma'aikacin jinya ne, duk ayarin da na shiga ni ake bar wa jakar magani, don haka zan faɗi abin da hannuna ya ɗaure. Ban taɓa ɗaure ciwon da ɗan fashi ko namun daji suka yi ba. Wanda na ɗaure sara ne, mutum na faskare da gatari da magariba ya goce ya same shi a ƙwauri, wani kuma wuƙa ta zame masa a tafin hannu, sai targaɗe da ƙuna da wanda ƙishirwa ta kayar. Mafi muni shi ne wani abokin tafiyarmu da ya ga maciji ya kama hanyarsa zai wuce, maimakon ya ƙyale shi sai ya zaro adda ya bi shi, saran farko ya kuskure macijin ya juyo ya same shi a hannu. Muka cire masa agogo da zobe kafin kumburi, muka hana hannun motsi, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure jijiya tamau, muka ɗauko shi, Allah ya sa akwai sabis a kan wani tudu muka kira mota, ya samu allurar maganin dafi ya tashi. Da ba adda a hannunsa da bai bi macijin ba, wannan na tabbata. Makami yana sa mutum ya matsa kusa da abin da ya kamata ya ja baya daga gare shi. Kuma maciji ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Takalmi mai rufe idon sawu da tocila da dare da zuge tanti a rufe sun fi adda amfani a kansa.

Mai_Jakar_Goyo:
Allah ya saka da alheri, mun karanta tare da ita. Bindiga kam mun ajiye maganarta tunda ba mu da horo ba mu da lasisi. Inda za mu ba beyar, sai karnuka da aladen daji aka ce, kuma sabis na ɗaukewa in an shiga kwari. Yaya Yar_Tanti, ta ce in tambaye ki, da dare ina kike ajiye feshin, kuma in wurin an hana shi me kike riƙewa?

Yar_Tanti:
A aljihun tanti na gefen kaina, shi da tocila da usur da makullin mota, kullum wuri ɗaya yadda ko cikin duhu hannuna zai same su, takalmi kuma a bakin ƙofa. Amma ki sani ƙanwata ba a fesa shi a cikin tanti, ku zai fara kamawa. Inda aka hana ina riƙe 'yar ƙararrawar nan ta aljihu da ake zare wa fil ta yi ta ihu, da sandar tafiya. Usur busa uku a jere alamar neman taimako ce, ki huta ki sake. Tunda kun ce sabis na ɗaukewa, ku nemi na'urar da ke tura saƙo ta tauraron ɗan adam ko ta haya ce, in babu hali ku bar wa wani a gida sunan hanyar da za ku bi da inda za ku kwana da lokacin da in bai ji ku ba zai kira masu ceto. Kuma kwanan farko ku yi shi a sansanin da ke da mai gadi da wasu tantuna kusa, ki ji yadda dare yake a waje tukunna kafin ku nausa ciki.