Jarin foka (wasan kati na caca): wa ya taɓa karyewa, kuma yaya aka yi?

Mai tambaya: 'Yan'uwa, abin da ya same ku nake son ji. Wata uku ina ci a ƙaramin tebur, inda ake zuba kuɗi kaɗan, sai na kwashi rabin jarina na zauna a babba. Dare ɗaya ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai, na tura duk abin da ke gabana da A biyu a hannu (A ne kati mafi girma, K ke bi masa), mai K biyu ya bi ni, sai ga K na uku ya faɗo a tebur, K uku suka doke A biyuna. Ina laifina?

Na farko: Ɗan'uwa, a wannan hannun ba ka da laifi. A biyu na doke K biyu kusan sau 82 cikin 100, ke nan kusan sau ɗaya cikin biyar kai za ka sha ƙasa. Laifin yana wurin ɗora rabin jari a tebur guda. Ni sai da na karye sau biyu na yi hankali. Yanzu ba na zama sai jarina ya kai kuɗin zama (kuɗin da ake shiga tebur da su) sau 30, in ya sauko zuwa 20 na koma teburin ƙasa. Saukar nan ce mai ɗaci, wallahi. Mutanen da ka yi wa sallama jiya su ɗaga kai su gan ka ka dawo. Na daure na zauna, wata biyu kafin na sake hawa.

Ta biyu: In gasa ce, kuɗin zama sau 30 ba su isa ba, ni sau 100 nake ajiyewa. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na 'yan wasa kawai ake biya. Na taɓa shiga gasa fiye da 20 a jere ban ga ko sisi ba. Dokar Chris Ferguson nake bi, ƙwararren ɗan fokar da ya tashi daga sifili ya tara dala 10,000: kada tebur ɗaya ya wuce kashi 5 na jari, babbar gasa kuma kashi 2.

Na uku: Littafi ne ya tona mini asiri. Ina ganin kaina gwani, da na fara rubuta kowane zama, har da kamashon da gidan wasa ke yanka, sai na tarar faɗuwa nake yi. Kuma duk babbar asara bayan ƙarfe biyun dare take, lokacin da nake neman fanshewa, hannuna na rawa a kan kati. Yanzu in kuɗin zama uku suka tafi, na tashi.

Na huɗu: Ƙanena, ni na bari, kuma zan faɗa maka dalili. Duk dokokin nan na san su, ranar da zuciya ta hau ba wadda ta riƙe ni. Na taɓa kuɗin makarantar yara, sannan na ci bashi don in mayar. Stu Ungar ya lashe babbar gasar duniya a Las Vegas sau uku, 1980, 1981 da 1997, amma a 1998 ya mutu a ɗakin otal ba shi da komai. Caca ce, ko da ƙwarewa a cikinta. Gaya mini gaskiya, rabin nan da ya tafi, naka ne ko na gida?

Mai tambaya: Yaya, akwai kuɗin haya a ciki. Maiɗakina ba ta sani ba tukuna. Yau da daddare zan gaya mata.