Wulaƙancin shugaba ciwon aiki ne?

Hadiza: Salamu alaikum ƴan zaure. Ƙanena na aiki a wani kamfani nan Maradi. Wata takwas ke nan shugabansa na tsinka shi gaban mutane, ya ƙwace masa aiki sannan ya kira shi rago. Yanzu barci ya ƙaurace masa, waya in ta yi ƙara sai jikinsa ya ɗau rawa. Lokotoro ya ba shi hutun wata guda. Ni dai na ce ciwon aiki ne, CNSS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ta biya shi diyya.

Alhaji Sani: Haba Hadiza. Diyya ta wanda inji ya cire wa yatsa ce. Mu da muka tashi a kasuwa har mari mun sha wurin ubangida, ga mu nan garau. Ya yi haƙuri.

Malam Isufu: Alhaji, a gafarce ni. Nan ƙetaren Jibiya, dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta sa damuwar ƙwaƙwalwa cikin abin da ake biya. A Faransa kuma, 2019, kotu ta hukunta tsohon shugaban kamfanin waya na France Télécom saboda matsin da ya kai ma'aikata ga kashe kansu. Shekarar ce ma ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki.

Alhaji Sani: Can ne. In aka buɗe wannan ƙofa, duk wanda aka yi wa faɗan latti sai ya ce kansa ya taɓu.

Rabi: Faɗan latti daban, Baba Alhaji. Amma Yaya Hadiza, inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Karaya hoto ke nuna ta. Wannan fa? Kamfani zai ce matsalar gida ce, abokan aikin da suka gani kuma kowa na tsoron tuwonsa. Ya adana saƙonnin waya, ya rubuta ranakun, ya riƙe takardar lokotoro, sannan ya je wurin sufeton aiki kafin a kai ga kotu. Kada ya ajiye aikin da kansa.

Malam Isufu: Tambaya ɗaya. Kamfanin ya yi masa rajista a CNSS?

Hadiza: Kai. Hannu da hannu ake ba shi albashi. Bari in kira shi.

Alhaji Sani: To kun gani. A fara tura manya wurin shugaban nan tukuna.

Rabi: An tura, Baba. Sau biyu aka ce.