Tausa ga mai ciwon ƙugu bayan aikin fadama: yaya ake yin ta daidai?

Ɗan Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mahaifinmu ya haura shekara 60, manomin shinkafa ne. Tun da aka shiga dashen rani, kullum ya dawo gida ƙugunsa a ƙage, sai ya dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma. Abin da aka saba yi masa shi ne ya kwanta rub-da-ciki, jikoki su hau su tattaka masa baya, sannan a bi da man zafi. Yakan samu sauƙin dare ɗaya, gari na wayewa abin ya dawo. Ina son in koyi yi masa tausa da hannuna. Me take yi wa jiki a gaskiya? Cikin ire-iren da ake nunawa a intanet wacce ta dace da shi? Wane mai ya fi? Tattakar nan kuma tana da illa? Allah ya saka da alheri.

Likitan Gashi, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Kafin hannunka ya taɓa bayansa, zauna ka tambaye shi. Ciwon yana gangarawa ƙafa har ya wuce gwiwa, ƙafar tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi? Fitsari ko bayan gida yana kuɓuce masa, ko fitsarin ya ƙi fita? Yana zazzaɓi, gumin dare ko rama? Ciwon yana tashe shi cikin dare ko bai motsa ba? Ya faɗi a 'yan kwanakin nan? In ya amsa da e ko da a guda ɗaya ne, ajiye zancen tausa ku nufi asibiti, ko na Sir Yahaya ko na tarayya da ke nan Birnin Kebbi. Tarin fuka na ƙashin baya da ciwon dajin da ya yaɗu zuwa ƙashi duk da ciwon ƙugu suke fara sallama, kuma ga ɗan shekara 60 ba a wasa da su. Maganar kuɓucewar fitsari kuwa ta gaggawa ce, ba a kwana da ita a gida.

In babu ko ɗaya, to galibi tsoka ce ta gaji. Akwai dogayen tsokoki biyu da suka bi gefe da gefen ƙashin baya tun daga kwankwaso har wuya. Mai dashe yana wuni a sunkuye, su ne suke riƙe da nauyin gangar jikinsa, don haka ko ya dawo gida ba sa saki. Tausa tana ɗumama wurin, jini ya ƙara gudana, kuma saƙon taɓawar da fata ke aikawa ƙwaƙwalwa yana rage ƙarfin saƙon zafi. Shi ya sa mutum ke jin jikinsa ya sake, barci ya zo da sauƙi. Amma ba ta mayar da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ba ta fitar da wata "datti" daga jini, ba ta warkar da hawan jini. Sauƙinta na awanni ne zuwa 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu, ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi tare da motsa jiki, ta kuma ce a guji magunguna dangin taramol.

Ga yadda za ka yi. Ya kwanta rub-da-ciki a katifa mai ƙarfi ko tabarma da bargo, ka sa ƙaramin matashi ƙarƙashin mararsa, wani ƙarƙashin ƙwaurinsa, don kada ƙugun ya lotsa. Fara da gashi: tsoma tawul a ruwan ɗumi, matse, gwada a cikin damtsenka, in kai ka jure sai ka shimfiɗa masa na minti 10 zuwa 15, kana sabuntawa. Goge ruwan. Ɗebi mai cokalin shayi ɗaya, murza a tafinka har ya yi ɗumi. In mai ya yi yawa hannu zai riƙa zamewa ne kawai, ba zai kama tsoka ba.

Minti 3 zuwa 4 na farko shafa ce zalla. Tafukanka biyu, ɗaya a kowane gefe na ƙashin baya, ka tura daga saman ɗuwawu zuwa allon kafaɗa da ɗan nauyi, ka dawo ta gefen haƙarƙari a sake. Daga nan ka shiga cuɗa da tushen tafin hannu, kamar mai cuɗa ƙullin fulawa, na minti 5, kana zagayawa a hankali. Kada ka tsallake tsokar saman ɗuwawu, ƙasa kaɗan da inda tazuge yake zama. Wasu masu cewa ƙugu ke ciwo, a nan ma akwai ciwon. Sannan da manyan yatsu ka bi layin da ke faɗin yatsa biyu daga ƙashin baya. Za ka ci karo da wurin da ya yi tauri, ya ce maka "nan ne". Danna a hankali, ka ce ya auna zafin daga 1 zuwa 10, kada ya wuce 6. Riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60 yana numfashi a natse, sannan ka saki sannu-sannu. Sau 2 ko 3 ya ishi wuri guda. Ka rufe da shafar da ka fara da ita. Duka minti 15 zuwa 20 ne, sau 3 a mako. In zai tashi, ya juya gefe, ya tokara da hannu.

Inda mutane ke ɓata abin: danna ƙashin bayan kansa, da bubbuga wurin da ke ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, inda ƙoda take, da kuma ɗaukar cewa sai an ji azaba magani ke shiga. In ka ga ya riƙe numfashi ko ya cije haƙora, tsokar ɗaurewa take ƙara yi, ka rage hannu. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne, amma in ya wuce kwana 2 ko fata ta yi baƙi, ƙarfi ya yi yawa. Kada a haɗa man zafi da gashi ko a ɗaure wurin da leda, fata takan ƙone har ta saɓule.

Tattaka kuwa, don Allah a bari. Yaro ba ya sanin inda ƙafarsa ta sauka, ƙashin dattijo kuma ya rage ƙwari, haƙarƙari yana iya tsagewa. Abin da zai fi amfanarsa ma a gona yake: duk bayan minti 30 ya miƙe tsaye, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan lanƙwasa baya sau 5 zuwa 10. In ba a yi wannan ba, abin da ka gyara da dare dashe zai warware shi kafin azahar.

Malam Mai Tausa, Jega:

Likita ya gama da babban aikin, bari in ɗauki batun ire-iren. Abin da ya koya maka, shafa da cuɗa da murza, shi ne tushen wadda ake kira tausar Suwidin. Ana jingina ta ga Per Henrik Ling, malamin motsa jiki ɗan Suwidin, wanda ya rasu a 1839, ko da yake likitan Holan, Johann Mezger, shi ne ya sa wa motsin hannun sunayen Faransanci da ake koyarwa har yau. Sauran motsin biyu su ne bubbugawa da gefen hannu da kuma girgiza tsoka. Ita ce ta dace da Baba.

Tausa mai zurfi ita ma wannan ce, sai dai ana tafiya a hankali ƙwarai da gwiwar hannu ko dunƙule don a kai ga tsokar ciki. Ta fi dacewa da matasa masu nama a jiki, irin masu lodin buhuna a kasuwa da masu tuƙa kwale-kwale, kuma gwiwar hannu a hannun wanda bai koya ba ɓarna take yi. Ta Tailan ba a shafa mai, ba a tuɓe tufafi, a ƙasa ake yi, ana miƙar da gaɓoɓi ana lanƙwasa mutum. UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake karewa a 2019. Tana da kyau ga mai lafiyar gaɓa, amma kada ka kwaikwayi bidiyonta a jikin dattijo. Shiyatsu ta Japan dannawa ce da yatsa wuri bayan wuri, ita ma a kan tufafi. Akwai wadda Emil Vodder ɗan Denmak ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wadda ake amfani da ita don rage ruwan da ke taruwa a hannu ko ƙafa bayan an cire kaluluwa a tiyata. Da ƙyar hannu ke motsa fata a cikinta, kuma sai wanda aka horar.

Batun mai, ba ka buƙatar na kanti. Man kaɗanya ya fi min duka, musamman da hunturu, don ba ya saurin bushewa kuma yana ba hannu riƙo. Man ridi da na kwakwa ma suna yi. Man gyaɗa yana yi in mutum ba ya ƙaiƙayi da gyaɗa. In za ka ɗiga man kanumfari ko na na'a-na'a, ɗigo 3 zuwa 6 a babban cokali ɗaya na man kaɗanya, ka fara gwadawa a ɗan wuri. Zallansu yana ƙona fata. Ka yanke farce, ka cire zobe, kuma ka yi amfani da nauyin jikinka maimakon ƙarfin yatsu, in ba haka ba kai ma ka koma neman mai yi maka.

Ungozoma, Yauri:

Ɗana, Allah ya biya ka. Tunda mata ma suna karanta zauren nan, bari in sa baki. Mai ciki za a iya yi mata tausar ƙugu da kafaɗa, amma a kwance ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ba a danna ciki, ba a kuma murza shi da sunan gyara kwanciyar ɗa. Lokacin naƙuda, danna ƙasan ƙugu da tushen tafin hannu daidai sa'ar da ciwo ya taso yana rage azaba sosai.

Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne ƙafar mai jego. Makonni 6 na farko bayan haihuwa jini yana saurin daskarewa a jijiya. In ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓar ta yi zafi da ciwo, kada a matsa, kada a gasa, a kai ta asibiti a ranar. Matsawa tana iya ɓallo gudan jinin ya tafi huhu. Wannan ya shafi duk wanda ya daɗe a kwance ko aka yi wa tiyata, namiji ko mace.

Jariri kuma shafa ce kawai da man kwakwa, minti 5 zuwa 10, ba bayan ya sha nono nan take ba. Man zafi da duk mai kafur ba na jarirai ba ne, cibiya kuma ba a gasa ta.

Ɗan Fadama, Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na tambayi Baba, babu ko ɗaya cikin alamomin. Sai dai yana da ciwon suga, kuma yana son a riƙa matsa masa ƙafa. Sannan ƙanena ya yi targaɗe a idon sawu jiya wurin ƙwallo, ana cewa a kai shi a murza.

Likitan Gashi, Birnin Kebbi:

Madalla da ka faɗi maganar suga, don ta canza abubuwa. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, ƙafa ce kuma kan gaba. Mutum zai ce maka ƙara ƙarfi ko ƙara zafin ruwa alhali fatarsa tana lalacewa bai sani ba, gyambon mai suga kuwa ba ya saurin warkewa. Don haka a ƙafa babu gashi ko kaɗan, a baya ma ruwan ya tsaya a ɗumi. Kafin ka fara, duba tafin ƙafar, dunduniya da tsakanin yatsu da fitila, tunda a cikin ruwa da taɓo yake wuni. In ka ga yanka, bororo, ƙaya ko wurin da ya canza launi, kada ka taɓa, a nuna wa ma'aikacin lafiya. In lafiya lau ne, shafa mai sauƙi daga idon sawu zuwa gwiwa, minti 5 kowace ƙafa, kuma kada mai ya kwana tsakanin yatsu don yana jawo ruɓewar fata. In allurar insulin yake yi, kada ka murza inda aka yi ta, maganin zai shiga jini da sauri suga ya faɗi.

Ƙanenka kuma kada a murza masa yanzu. Sabon targaɗe yagewa ce a jijiyar da ke riƙe gaɓa, jini yana tsiyaya a ciki, murza da gashi ƙara kumburin suke yi. Kwana 2 zuwa 3 na farko ya ɗora ƙafar a kan matashi sama da ƙirjinsa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a wuni, a ɗaure da bandeji daidai yadda yatsa zai iya shiga. In yatsun ƙafar suka yi sanyi, suka mutu ko suka canza launi, a kwance nan take. In ba ya iya taka ƙafar taku 4, ko ka danna ƙashin idon sawun kansa ya yi ƙara, a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ko ya ɗaure. Bayan kwana 3, in kumburi ya fara sauka, sai a fara shafa daga ƙafa zuwa ƙwauri, shi kuma ya riƙa juya ƙafar a iska sau 10 kowane ɓangare, safe da yamma.