Wankin kafet a Abuja da damina: abin da 'yan zaure suka ce

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman shawara. Kafet ɗin tsakar falo ne, mita 3 da 4, ɗan Turkiyya, akwai tabon manja da na zoɓo a jikinsa. Gara a kai wajen wankin mota a nan Kubwa, ko a kira masu zuwa gida da inji?

Alhaji Mai Kafet: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara sanin irin zarensa tukuna. Ciro ɗan zare daga gefe, ki riƙe da almakashi ki kusanta shi da ashana. Idan ya narke ya dunƙule kamar leda, na roba ne, kuma yawancin na Turkiyya da ake sayarwa a kasuwar Wuse irinsa ne. Idan ya yi ƙaurin gashi, tokar kuma ta murmushe a yatsa, ulu ne. Idan ya yi ƙaurin takarda, auduga ne ko kuma biskos, mai sheƙin nan da ake sayar wa mutane da sunan siliki. Shi wannan na ƙarshe kada ruwa ya taɓa shi a gida. Yana jiƙa zaren ya yi rauni, ya yi ɗorawa, sheƙin ya mutu.

Maman Biyu: Na gwada Alhaji, narkewa ya yi.

Oga Mai Wanki: To da sauƙi, ranki ya daɗe. Na roba yana jure wankin ruwa, don haka masu wankin mota za su iya, amma da sharaɗi. Abin da ke ɓata aikinsu omo ne. Sai a zazzaga rabin leda, a dirje da buroshi, kumfa ta tashi kamar an yi aiki, a watsa ruwa sau ɗaya a shanya. Sabulun da ya maƙale a gindin zare danƙo yake yi idan ya bushe, duk ƙurar da ta shigo sai ta manne masa. Shi ya sa mutane ke cewa kafet da an fara wanke shi ya dinga saurin datti. Ba wankin ba ne, rashin ɗauraya ne.

Ki ce su fara kife shi su bubbuga ta baya, a share yashin da ya zubo, a maimaita har ya daina zuba. Mafi yawan dattin kafet busasshe ne, ƙurar hunturu da jar ƙasar da takalma ke kwasowa, kuma da ruwa ya same ta ta koma taɓo ta lafe a ƙasa. Bayan wanki a yi ta ɗauraya ana tura ruwan da faffaɗan katako ko robar goge tayil, ta inda gashin ya kwanta, har sai ruwan ya fito garau babu kumfa. Bakin injin feshi kuma kada a manna shi a jiki, yana warware murɗin zare.

Hajiya Babba: Ni inda nake jan kunne shi ne shanya. Watan Agusta da Satumba a garin nan rana ba ta da alkawari. Kafet ɗin da ya wuce kwana ɗaya da laima ya fara tsami, kafin kwana biyu funfuna ta kama bayansa, kuma wannan warin ko kaskon turare goma aka sa ba ya rufe shi. A rataya shi a kan ƙarfe mai kauri, ba siririyar igiya ba, don igiya tana karya masa baya ta bar layi. Fuskar ta kalli ciki saboda kada rana ta koɗar da launi. Idan an kawo miki, sa hannu ta ƙasa a tsakiya, ba a gefe ba. In kin ji sanyi-sanyi, bai bushe ba, kada ki shimfiɗa a kan tayil.

Oga Mai Wanki: Gaskiya ne Hajiya. Wanda aka malale ɗaki da shi kuwa, bango zuwa bango, ba a kwarara masa ruwa da bokiti ko kaɗan. Ruwan yana wucewa ƙasa ya kwanta a katifar da ke ƙarƙashi, inda babu iska. Shi aikin inji ne mai feshi da zuƙa. Ƙa'idar aikin: a zuƙe ƙura a bushe, a fesa magani sama-sama, a ba shi minti 10 zuwa 15 amma kada ya bushe, a motsa da buroshi mai laushi, sannan inji ya ɗauraye da ruwan ɗumi. Duk layin da aka bi da ruwa sau ɗaya, a sake bi sau biyu ana zuƙa kawai. Gaggawar ma'aikata a nan take fitowa, domin wannan zuƙar ita ke cin lokaci da man janareta. Idan an yi daidai, da fanka a kunne, awa 6 zuwa 12 ya bushe.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. To tabon fa? A bar musu ko in fara taɓawa?

Malam Mai Kemistiri: Ki fara, Hajiya, amma kowanne da maganinsa. Manja biyu ne a haɗe, maiƙo da jan launi, kuma zaren roba yana son maiƙo fiye da ulu. Kankare na sama da bayan cokali. Barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai, ki bari minti 30, ki share. Sai ki ɗiga sifirit a farin tsumma, a tsumman fa, ba a kafet ba, ki riƙa dannawa daga bakin tabon zuwa tsakiya, kina sauya wurin da ya yi ja. Bayan haka sabulun wanke-wanke na ruwa, kwatan ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Kwata na ce. Mutane suna ganin kamar rowa ce, alhali abin da ya wuce haka ba ya ɗauraruwa da hannu. Fetur da kananzir kada su zo kusa: suna narkar da gam ɗin da ya riƙe bayan kafet, ga wari, ga haɗarin gobara.

Zoɓo kuwa yana da wani hali. Launinsa yana sauyawa idan ya haɗu da abu mai kaifin kanwa, shi ya sa da an zuba masa omo ko bekin soda sai jan ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. A fara da ruwan sanyi ana dannawa da tawul, sannan farin khal kashi ɗaya a ruwa kashi biyu. Idan inuwa ta rage, a sa haidirojin na kemis, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, mai 3%. Duba kwalbar, in 6% aka rubuta ki haɗa da ruwa rabi da rabi. A shafa kaɗan, a bari awa ɗaya, a ɗauraye. Amma a fara gwadawa a kusurwar da kujera ke rufewa, domin yana iya cin launi. Shayi da goro ma haka ake bi da su.

Anti Amarya: Malam, bilic fa? Ana cewa na roba ba ya jin sa.

Malam Mai Kemistiri: Rabin gaskiya ce, Anti. Akwai nau'in roba da ake zuba wa launi tun yana narke, shi yana jurewa. Amma nailan ma roba ne, kuma ɗigo ɗaya zai bar masa fari ko ruwan ɗorawa har abada, ashana kuma ba lallai ta bambance miki su ba. A ulu kuwa bilic cinye zaren yake yi. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da khal ko amoniya, iskar da ke tashi guba ce.

Baban Yara: Wani tabon sai ya ɓace, gobe da safe a gan shi ya dawo daram. Mene ne wannan?

Oga Mai Wanki: Lagwani ne, Yallaɓai. Abin da ya zube ya sauka har gindi, an wanke sama kawai. Yayin bushewa ruwa yana hawowa ta zare kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, ya ɗauko dattin ya ajiye a kai. Bayan an gama goge wurin, a ninka farin tawul huɗu a ɗora, a sa leda, a danne da abu mai nauyi kamar turmi ko jarkar ruwa, ya kwana. Dattin a tawul zai ƙare.

Akwai kuma launin ruwan ƙasa-ƙasa da ke fitowa a kafet mai baya irin buhun ashasha idan ya sha ruwa da yawa. Shi ba datti ba ne, launin bayan ne ya hawo. A fesa ruwan khal sama-sama a sa fanka.

Hajiya Babba: A yi maganar fitsarin yara, don shi ya fi damun gidaje, kuma a nan ake salla.

Malam Mai Kemistiri: Idan sabo ne, a taka busasshen tawul a kai har ya daina ɗaukar laima. A zuba ruwan sanyi kofi ɗaya, a sake tsotsewa, sau uku ko huɗu. Ruwan zafi kada a sa, haka ma ga jini, madara da ƙwai, dafa su yake yi a jikin zare. Wanda ya kwana biyu ya koma zarni, kuma gishirinsa yana jawo laima, shi ya sa warin ke tashi da damina ya lafa da hunturu. Khal yana rage shi, amma mai raba shi da kafet shi ne maganin da aka rubuta enzayim a jikinsa, a jiƙa daidai faɗin wurin a rufe da leda na wasu awanni. Ta fuskar tsarki kuma, a mazhabar Malikiyya ruwa tsantsa ne ke gusar da hukuncin najasa, don haka ɗaurayar ƙarshe ta zama ba sabulu ba khal.

Anti Amarya: Lalle da garwashin turare fa?

Alhaji Mai Kafet: Lalle a ulu sai haƙuri, yadda yake kama farce da gashi haka yake kama shi. A bar ƙullin ya bushe a kankare, kada a goga da ruwa ya bazu. Ƙunar garwashi ba tabo ba ce. In sama-sama ce, a datse bakin da ƙaramin almakashi. In ta yi rami, masu gyara suna yanko ƙyalle daga ƙarƙashin kujera su dasa. Cingam, a ɗora ƙanƙara a leda ya daskare a ɓamɓare. Kyandir, takarda marar rubutu da dutsen guga a mafi ƙarancin zafi, ana ɗagawa da sauri, don zaren roba yana narkewa tun wajen digiri 160.

Baban Yara: Ga masu kiran kamfani, a auna ɗaki kafin su iso. Mita 3 da 4 murabba'in mita 12 ne, a yi ciniki a kan haka, ba a kan "falo ɗaya" ba. A tambaye su ko kuɗin ya haɗa da cire tabo da ɗaga kujeru, da kuma wa zai kawo wuta in an ɗauke. A ɗauki hoton kafet ɗin a gabansu. Mai aikin da ya sani zai danna jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan ja da shuɗi ya ga ko suna zuba kafin ya kunna inji.

Oga Mai Wanki: Ƙari a kan na Yallaɓai: in za a mayar da kujeru kafin ya gama bushewa, a sa 'yar leda ƙarƙashin kowace ƙafa. Ta ƙarfe tana barin tsatsa, ta katako tana zubar da fenti, kuma su biyun sun fi manjan wuyar fita.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da sitacin yau. Wankin gaba ɗaya in jira ruwa ya ɗauke ke nan?

Hajiya Babba: Tabon kada ya jira, 'yata. Babban wankin ki bari zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya tafi, ƙura ba ta sauko sosai ba. In kuma za ki ajiye shi kafin nan, naɗe shi za ki yi kamar tabarma, kada ki ninke, kuma ki ɗora a kan benci, ba a ƙasan sito ba.